Yadda Ake Zaɓen Bindigar Farauta Mai Sauƙin Kuɗi da Ke Sajewa da Dajin Hunturu a Ƙasar Sakkwato

Da zarar an gama kwashe gero da dawa daga gonaki, aka saki dabbobi su yi kiwon kara da harawa, iskar hunturu kuma ta fara kaɗowa daga arewa maso gabas, sai koke-koken masu kiwo su yawaita a ƙauyukan da ke bin Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato. Wannan ya ce dila ya ɗauke masa ɗan akuya a bakin garke, wancan ya ce an wayi gari zabinsa sun ragu, wani kuma ya tarar da tunkiyarsa da ta haihu a daji tana kuka babu ɗan. Ga mutumin da jar akuya ita ce asusunsa, wadda yake kaiwa kasuwar Acida ko ta Illela idan buƙata ta taso, wannan asara ba ƙarama ba ce, don haka ba abin mamaki ba ne idan ya fara tunanin mallakar bindiga. Abin da nake so in taimaka da shi a nan shi ne yadda zai zaɓi bindigar da ta dace da aljihunsa, da dajinmu, da kuma dokar ƙasarmu, ba tare da ya zubar da kuɗinsa a kan ado ba.

Mafi yawan hotunan da matasa suke gani a waya game da farautar dila da danginsa daga Amurka da Kanada suke fitowa. A can, hunturu lokacin dusar ƙanƙara ne, ƙasa takan zama fara fat tun daga watan Disamba har zuwa Fabrairu ko Maris a jihohin arewa, kuma abin da suka fi farauta shi ne koyoti, wani ɗan uwan dila da ya ɗan fi namu girma. Saboda haka ne kamfanonin can suke fitar da wasu bindigoginsu masu araha da fenti fari mai ratsin toka ko mai zanen rassan itace, sannan su ɗora wani abu a kan farashin baƙar da ba ta da zane. Wannan fenti yana da amfani a inda aka yi shi dominsa. Amma wanda ya riƙe farar bindiga a cikin sabara da busasshiyar gamba a Gundumi ko a bayan Wurno, ya ɗaga tuta ne kawai. Huntu­runmu launinsa na ƙasa ne da rairayi da toka da ruwan ɗorawa mai duhu, kuma matsalarsa ƙura ce da bushewar iska, ba sanyin da ke daskarar da man bindiga ba. Ra'ayina, wanda zan yi ta komawa gare shi, shi ne launi ne abu na ƙarshe da ya kamata mutum ya biya kuɗi a kansa, domin shi kaɗai ne zai iya yi wa kansa a gida da kuɗin da bai kai na harsashi biyu ba.

Abin da ke gaban komai shi ne lasisi. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko shi ne waɗanda aka haramta wa farar hula sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma a cikinsu akwai bindigogin soja masu harsashi 7.62 da .303 (lambobin da ke nuna kaurin harsashi), da ƙananan bindigogin hannu, da masu sarrafa kansu. Kashi na biyu shi ne na bindigogin da mutum zai iya mallaka da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, wato bindiga mai baki ɗaya ko mai baki biyu da ke watsa ƙwayoyin dalma, da raifil (mai harba harsashi guda ɗaya) ta farauta wadda harsashinta ba irin na soja ba ne, da bindigar iska. A lura cewa irin wadda ake zuge mata hannu gaba da baya domin ta ɗora sabon harsashi ba ta cikin wannan kashi, ko da kuwa ana ganinta a hannun mutane. Kashi na uku shi ne na adaka da danginta da ake ɗura wa albarushi ta baki, kuma lasisinsu a hannun Kwamishinan 'Yan Sandan jiha yake. Dokar ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin ta da hankali a cikin shekara 5 da suka wuce. Bayan wannan kuma, a watan Agustan 2023 Muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sababbin lasisi saboda yawan makamai a hannun jama'a. Don haka matakin farko ba zuwa wurin dillali ba ne, zuwa hedikwatar 'yan sanda ne a cikin garin Sakkwato domin a tambayi halin da ake ciki a yanzu, kuma a yi haka tun da damina, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ƙofar a rufe take, to a haƙura da saye, a kai kuka wurin Sarkin Baka da maharban da suke da takardunsu. Bindigar da ba ta da takarda, komai arharta, farashinta na gaskiya ɗauri ne na shekaru.

Sai kuma mutum ya san dabbar da yake nema, domin ita ce ke nuna girman bindigar da zai saya. A ƙasarmu mai yin ɓarnar yawanci dila ne, wanda nauyinsa bai cika wuce kilo 15 ba, sai muzurun daji da tunku da ke shiga akurki, sai kuma karnukan gari da suka gudu suka zama na daji, waɗanda a ganina sukan yi ɓarnar da ake ɗora wa dila fiye da yadda mutane suke zato. Zaki da damisa da kyarkeci suna cikin dabbobin da dokar kare namun daji ta 1985 ta haramta farautarsu, kuma ma sun yi wuyar gani. Kura kuwa, idan ta addabi gari, maganarta ta hakimi ce da jami'an gandun daji na jiha, ba ta mai sabuwar bindiga ba. Ya kamata kuma a tuna cewa lasisin bindiga daban yake da izinin farauta, wanda ake nema a ma'aikatar da ke kula da daji. Manufar wannan farauta ita ce kawar da dabbar da ta saba da garke, ba share daji ba, domin dilan da bai taɓa akuyar kowa ba yana cin ɓeraye da gafiya da fara da mushe, kuma manomi ne ke cin ribar hakan.

Daga nan sai babbar tambaya: raifil ko mai watsa dalma? Raifil ita ce wadda cikin bututunta yake da zane mai murɗiya, tana harba harsashi guda ɗaya mai juyawa wanda ke cin dogon zango. Ita ce Amurkawa suka fi so, saboda filayensu na kiwo suna da faɗi ƙwarai kuma babu mutane, ga shi a kan dusar ƙanƙara ana hango dabba daga mita 300. Mu kuwa a lokacin hunturu dajinmu cike yake da jama'a. Fulani sun sauko gonaki da shanunsu, mata da yara suna neman itace da tsintar magarya, masu noman rani suna kwana kusa da albasarsu da tafarnuwarsu a fadamun Goronyo da Kware, ga hazo da ke rufe abin da ke bayan dabbar da mutum ya saita. Ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce, babu tuddai da yawa da za su tare harsashin da ya kuskure. Ko mafi ƙanƙantar raifil, wato .22, harsashinta yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi, kuma yana da halin dukan fako ko marmara ya tashi ya canza hanya. Saboda waɗannan dalilai nake ganin cewa ga mutum tara cikin goma na masu kiwo a nan, bindiga mai baki ɗaya mai watsa dalma, mai lamba 12 (lambar da ke nuna faɗin bututunta), ta fi dacewa. Ita ce mafi araha a cikin na kamfani, harsashinta shi ne mafi sauƙin samu a wurin dillalai masu rajista, sassanta kaɗan ne, kuma ƙarfin dalmarta yana mutuwa a ɗan taƙaitaccen wuri. Iyakarta ita ce ba ta kashe dila da tabbas idan ya wuce mita 35 zuwa 40, kuma dole a yi amfani da manyan ƙwayoyi irin su BB ko AAA, ba ƙananan da ake harbin kurciya da su ba. Irin ta Baikal ƙirar Rasha ta yi suna da juriya, kuma masu ƙirar Turkiyya ma suna da sauƙin kuɗi.

Wanda yake da lasisin raifil, kuma wurin da yake farauta buɗaɗɗe ne mai gangare ko gaɓar rafi da za ta tare harsashi, sai ya duba girman harsashin da kyau. Ƙaramin .22 da aka fi sani, mai nauyin kusan giram biyu da rabi, na zomo ne da gafiya. Yana iya kashe dila a kusa, amma ya fi yawan raunata shi ya gudu ya mutu a rami bayan kwanaki. Wannan ba daidai ba ne, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da kyautata kisa idan za mu kashe. Wanda ake kira .22 Magnum yana fita da gudun kusan mita 570 a daƙiƙa, kuma ya isa ga dila har zuwa wajen mita 100. Sama da shi akwai .22 Hornet, tsohon harsashi mai gudun sama da mita 800 a daƙiƙa, wanda ke kai wa mita 150 ba tare da ƙara mai tsanani ba. Mafarautan Amurka sun fi riƙe .223 Remington da .22-250 da .243 Winchester, waɗanda gudunsu ya kai ko ya wuce mita 900 a daƙiƙa, amma waɗannan sun wuce buƙatarmu, kuma .223 girmansa ɗaya da harsashin soja na 5.56, abin da zai jawo wa mai shi tambayoyin da ba ya so a kowane shingen bincike. Ƙa'idar da ta fi duk waɗannan lambobi muhimmanci ita ce kada a sayi bindigar da ba a tabbatar dillali mai rajista yana kawo harsashinta a kai a kai ba. Raifil mai kyau da babu abin ɗura mata sanda ce mai tsada.

Game da yanayin ƙira kuwa, ƙurar hunturu ce alƙali. Tana da laushi kamar garin alkama, tana shiga ko'ina, kuma idan ta haɗu da mai sai ta zama kamar kwaɓaɓɓen yashi mai cin ƙarfe a hankali. Saboda haka bindiga mai karyewa a tsakiya, ko raifil mai sakata wadda ake ja da hannu bayan kowane harbi, su ne suka fi jure mata, kuma su ne masu araha. A shafa mai kaɗan a goge shi har ya zama kamar babu, a maimakon a jiƙa ta da shi kamar yadda ake yi da damina. Ƙota ma abin dubawa ce. Ta katako ta fi kyan gani, amma duk wanda ya ga yadda ƙofofi da kujeru suke tsagewa a Sakkwato a watan Janairu ya san abin da busasshiyar iska take yi wa itace: yana ƙanƙancewa, kusoshin da suka riƙe shi su saki, saitin bindiga ya kauce. Ƙotar roba mai tauri ba ta yin haka, ta fi araha, kuma mutum ba zai ji ciwon shafa mata fenti ba. Wanda ya samu ta katako sai ya riƙa shafa mata man itace kaɗan kafin shigowar sanyi, ya duba ɗaurin kusoshinta kafin kowace fita. Nauyin da ya dace shi ne wajen kilo uku, domin mai baki ɗaya da ta yi sakayau da yawa takan doki kafaɗa da ƙarfi, har mai ita ya koyi runtse ido kafin ya ja kunama, kuma wannan ɗabi'a tana da wuyar bari.

Tunda araha ake nema, yawancin mutane tsohuwa za su saya, wato wadda wani mai lasisi zai sayar a mayar da sunan takarda ta hannun 'yan sanda. A nan ne ake buƙatar natsuwa, kuma yana da kyau a tafi da dattijon da ya san bindiga, a ce masa, "Baba, don Allah ka duba mana ita da idonka," a kuma saurari abin da zai faɗa ko da bai yi wa mai saye daɗi ba. Da farko a tabbatar babu harsashi a ciki, sannan a gwada lambar da ke jikin ƙarfen da wadda ke cikin takarda, harafi da harafi. Idan an goge lambar ko an sake buga ta, a tashi a bar wurin ba tare da ciniki ba. A ɗaga bututun a leƙa ta cikinsa wajen haske. Ana so a ga cikin yana sheƙi sumul, babu ramukan tsatsa, babu wani zobe mai duhu, domin zoben alama ce ta kumburi a inda wani abu ya taɓa toshe bututun aka yi harbi a haka. A bi bayansa da yatsu a ji ko akwai lotsawa. A raifil, zanen cikin ya kasance da kaifi har zuwa baki, domin idan bakin ya cinye ba za ta taɓa harbi daidai ba. A mai karyewa, a rufe ta a riƙe ƙotar a girgiza, idan an ji bututun yana motsi a mahaɗarsa to ta gaji. A gwada makullin kunama a ga yana riƙewa, kuma kunamar ba ta saki don an ɗan bubbuga gindin bindigar. A karanta tsawon harsashin da aka rubuta a jiki, ko milimita 70 ko 76, domin sa mai 76 a bindigar da aka yi don 70 yana iya fasa ta. A duba wuyan ƙota, inda hannu yake kamawa, saboda nan ne tsaga take farawa kuma nan ne ake ɓoye ta da fenti. Hasali ma tsohuwar bindigar da aka yi wa sabon fenti mai zane ita ce ta fi cancantar zargi, domin sau da yawa tsatsa aka rufe.

Bindigar ƙirar gida da aka yi da bututun ruwa domin ta ɗauki harsashin kamfani, ba na ba kowa shawarar ya kusance ta. Ƙarfenta ba a gwada shi ba, ba ta da lamba, kuma yatsu da idanu da yawa sun tafi ta wannan hanya.

Yanzu sai maganar launi. Dila da kare ba sa ganin launuka kamar yadda muke gani. Idonsu yana rarrabe shuɗi da rawaya, amma ja da kore da ruwan ƙasa duk kusan abu ɗaya ne a wurinsu. Abin da suka fi mu a kai shi ne gane motsi, da gani a cikin duhu-duhu, da ji, da kuma sansano wari, wanda shi ne babban makaminsu. Wannan yana nufin kyakkyawan zanen ganye da rassa irin na kamfanin Realtree ko Mossy Oak, wanda ake shimfiɗa wa bindiga ta hanyar tsoma ta a ruwan da aka ɗora wa fatar zane, idon mai saye ya fi burgewa fiye da yadda yake ruɗin dila. Abubuwa uku ne ke tona asirin bindiga a daji: ƙyallin ƙarfe ko gilashi idan rana ta doke shi, da dogon baƙin layi miƙaƙƙe wanda babu irinsa a cikin ciyawa, da motsin ɗaga ta. Kakanninmu sun san wannan tun kafin a ƙirƙiro fenti. Maharbin da ke ɗaura kan burtu a goshinsa ya durƙusa yana tafiya yana sunkuyar da kai kamar tsuntsun yana kiwo, ba launi yake kwaikwayo ba, siffa da motsi yake kwaikwayo, har ya iso kusa da barewa. Rigar maharba ma da ake rinawa ta yi duhu-duhu ba ta sheƙi, wannan hikimar ce a cikinta.

Hanya mafi sauƙi ta sajar da bindiga ita ce da buhun algarara, irin wanda ake zuba gyaɗa a ciki. A yanka shi tsiri-tsiri masu faɗin yatsu biyu, a bar wasu da launinsu na asali wanda ya riga ya yi kama da busasshiyar ciyawa, a jiƙa wasu a ruwan bagaruwa ko a cuɗa su da jar ƙasa da toka domin su yi duhu. Idan sun bushe sai a naɗa su a jikin bututu da ƙota a karkace, ana cakuɗa mai haske da mai duhu a manyan faci marasa tsari, ana barin wasu zare suna reto domin su karya miƙaƙƙen layin. Manyan faci sun fi ƙananan ɗigo-ɗigo, saboda daga nesa ƙananan sukan haɗe su zama launi ɗaya. Launin ya bi wurin da za a zauna: a jigawa mai rairayi a rinjayar da mai haske, a cikin geza da kalgo a ƙara mai duhu, a gindin gawo kuwa, wanda shi yake da ɗanyen ganye a lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, inuwa ce ke da yawa don haka mai toka-toka ya fi. Kada naɗin ya taɓa kunama ko makullinta ko sakata ko mahaɗar da bindiga take karyewa, kada ya rufe ƙwayar saiti, kuma kada ko zare ɗaya ya leƙa cikin bakin bututu. A raifil kada a ɗaure bututu da ƙota tare da ƙarfi, domin yawancin na zamani an bar ɗan sarari a tsakaninsu da gangan, kuma matse shi yana kautar da harsashi. Amfanin wannan hanya a kan fenti shi ne ana warware ta a cikin minti biyu idan jami'i yana son ganin lamba, kuma dole ne ma a warware ta a goge ƙarfen kafin damina, in ba haka ba za ta riƙe laima ta haifar da tsatsa. Mai son fenti sai ya nemi marar sheƙi, ruwan ƙasa da ruwan rairayi, ya tsaya a kan ƙota kawai, ya ɗora ganyen sabara ko karan gero a kai ya fesa domin siffarsu ta fito, ya bar ƙarfe da lamba yadda suke.

Akwai wani dalili kuma da ya sa na fi son algarara a kan zanen kamfani, kuma ya fi na dila nauyi. Rundunar soja ta sha gargaɗin farar hula game da sa kaya masu zane irin nata, kuma a jihar da ƙananan hukumomi irin su Isa da Sabon Birni da Rabah da Tangaza suka daɗe suna fama da 'yan bindiga, mutumin da aka hango a cikin hazo da bindiga mai zanen soja ba za a tsaya tambayarsa ko dila yake nema ba. Haɗarin yana iya zuwa daga jami'an tsaro, ko daga 'yan sintiri, ko daga ɓarayin da za su so ƙwace ta. Ba mu manta da abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, inda aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke kan hanyarsu ta komawa gida bayan an ga bindigoginsu na farauta a cikin mota. Don haka a ɗauki bindiga a cikin jakarta babu harsashi a ciki, lasisi yana aljihu, a sanar da mai gari da ofishin 'yan sanda na yankin wurin da za a zauna da lokacin, kuma duk dajin da ake shakkar tsaronsa a bar shi gaba ɗaya, ko akuya nawa aka rasa.

Kuɗin da aka tsimi daga fenti sai a sa su a harsashin gwaji, domin babu bindigar da za a amince da ita kafin a ga aikinta a kan takarda. A nemi wuri mai gaɓa ko tudun ƙasa a baya, nesa da gari. Wanda yake da mai watsa dalma ya kafa babban kwali, ya zana da'ira mai faɗin kusan santimita 75, ya harba daga mita 35, ya duba ko ƙwayoyin sun taru a tsakiya ba tare da manyan giɓi da dila zai iya tsira ta cikinsu ba. Idan sun watse, sai ya matso har ya gano nisan da bindigarsa take iyawa, kuma wannan nisa shi ne iyakarsa daga ranar. Mai raifil ya ɗora ta a kan buhun yashi ya yi harbi biyar daga mita 100, ko 50 idan ƙarama ce. Idan duka biyar suka faɗa a wurin da tafin hannu zai rufe, ta isa, tunda ƙirjin dila bai fi haka da yawa ba. Madubin saiti kuwa ba sai mai ƙarfi ba. Wanda ke kusanto da abu sau huɗu, ko mai canzawa daga uku zuwa tara da aka fi samu, ya wadatar, domin a cikin hazo ƙara ƙarfin madubi ƙura kawai yake ƙara nunawa. Maɗaurinsa ya fi cancantar a kashe masa kuɗi, saboda mai arha yakan saki bayan 'yan harbe-harbe ko bayan tafiya a kan babur. A yi wa gilashin gaba rumfa da ɗan kwali domin kada ya yi walƙiya, kuma a hure ƙura kafin a goge shi, in ba haka ba za ta karce shi. Sanduna biyu na geza da aka ɗaure a gicciye sun isa madogara, kuma suna rage motsin ɗaga bindiga, tunda tana nan a saite tun kafin dabbar ta fito.

Hunturu yana yi wa maharbin Sakkwato wata alfarma guda da ya kamata ya yi amfani da ita. Iskar tana zuwa ne daga arewa maso gabas kusan kullum, rana kuma a watannin Disamba da Janairu tana faɗuwa ne a yamma ta ɗan karkata kudu. Wanda ya zauna da la'asar sakaliya a kudu maso yammacin hanyar da dila yake bi, ya fuskanci arewa maso gabas, zai samu iska tana bugun fuskarsa tana kai warinsa baya, rana kuma tana bayansa tana haska dabbar tana kashe mata ido. Ya jingina da kututture ko kurmin sabara domin kada siffarsa ta fito a sarari, ya rufe fuska da rawani mai duhu, ya guji shuɗin yadi da turare da taba. Dila yakan zagaya ya biyo ta ƙarƙashin iska kafin ya matso, don haka a riƙa lura da gefe da gefe da ido, ba da juya kai ba. Idan duhu ya hana a rarrabe dila da karen makiyayi, ko aka kasa ganin abin da ke bayansa, lokacin harbi ya wuce, sai a cire harsashi a tashi. Harbin idanu masu ƙyalli da tocila da dare shi ne yake kashe maruƙa da mutane. Idan kuma Allah ya ba da sa'a, kada a taɓa gawar da hannu tsirara, musamman bakinta, domin dila yana ɗaukar ciwon haukan kare. A ja ta da igiya a binne ta da zurfi nesa da rijiya da garke, kuma duk wanda dila ya ciza ko ya yaƙusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar domin allurar rigakafi.